Tsohon garmaho ya sake yin daraja: A duba boris kafin a zuba jari

Duk ɗan kasuwar da ya saba bin babbar hanyar nan mai lamba 1, wadda ta taso daga Lome ta ratsa Sokode da Kara da Mango da Dapaong har ta dangana da Sinkase a bakin iyakar Burkina Faso, ya san cewa babu irin kayan gwanjon da ba ya hawowa arewa daga tashar jiragen ruwa. A cikin tsofaffin firij da talabijin da kekunan ɗinki da ake saukewa, jifa-jifa akan ci karo da garmaho mai aiki da lantarki, irin wanda iyayenmu suka yi yayi a shekarun 1960 da 1970. Ban da waɗanda ke shigowa daga Turai, ba a rasa wasu a tsofaffin gidajen zangon Sokode da na Dapaong, har zuwa garuruwan karkara irin su Naki-Est, hedikwatar gundumar Kpendjal ta Yamma, inda aka tura su ƙarƙashin gado ko bayan sito tun lokacin da kaset ya ƙwace musu kasuwa.

Shekaru 20 da suka wuce, in aka ce wa mutum ya sayi irin wannan kaya sai ya ɗauka ba'a ake yi masa. To amma al'amarin ya sauya. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin faya-fayai ta Amurka, wato RIAA, sun nuna cewa a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a ƙasar, alhali kuwa faifan CD miliyan 33 aka sayar, kuma rabon da a ga haka tun 1987. Kamfanin Panasonic na Japan, wanda ya daina ƙera shahararren garmahonsa Technics SL-1200 a 2010, sai da ya dawo da shi a 2016 saboda yawan masu nema. Tunda faifai ya yi daraja, dole abin da ke juya shi ma ya yi daraja.

Sai dai abin da muke son jawo hankalin 'yan uwanmu 'yan kasuwa a kai shi ne kada ƙyallin akwati ya ruɗe su. Allura ana canja ta, bel ana samun madadinsa, wayar lantarki kuwa kowane mai gyaran rediyo zai iya jona ta. Abu guda da in ya lalace da wuya a sami irinsa a kasuwanninmu shi ne boris ɗin da ke ƙarƙashin farantin da ake ɗora faifai, wanda ido ba ya ganinsa sai an ɗaga farantin. Abin da ya fi kashe shi kuwa shi ne rashin mai, ko mugun mai, ko ɗaukar ganganci a kan hanya, kuma dukkansu abubuwa ne da ɗan kasuwa zai iya kauce musu ba tare da ya kashe wani kuɗin kirki ba.

Abin da ke kwance cikin faya-fayan

Kafin mu shiga maganar gyara, yana da kyau mai karatu ya san dalilin da ya sa wannan batu ya shafe mu a arewacin Togo. Tun zamanin fataken goro da ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, Hausawa da sauran fatake Musulmi suka kafa zango a garuruwan wannan yanki, kamar Mango da unguwar Didawure ta Sokode. Bayan samun 'yancin kai a 1960, jikokinsu masu hali sun sayi garmaho, suka riƙa sayo faya-fayai daga Legas da Akra da Kumasi da Kwatano. A irin wannan faifai ne kamfanoni irin su EMI suka buga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Haka nan cikakken karatun Alƙur'ani mai girma na farko da aka naɗa, na Shaihu Mahmud Khalil Al-Husari na ƙasar Masar a 1961, a kan faifan garmaho ya bazu duniya.

Ita ma Togo tana da nata rabon. Ƙungiyar makaɗa ta Orchestre Abass, a ƙarƙashin jagorancin Malam Isa Abbas, ta fitar da ƙananan faya-fayai biyu a 1972 da tambarin kamfanin Polydor, waɗanda a cikinsu akwai waƙoƙi masu sunan Hausa, wato “Haka Dunia” da “Samarin Banza”. Bayan shekaru 47, a 2019, kamfanin Analog Africa na ƙasar Jamus ya sake buga waƙoƙin ƙungiyar a faifai mai suna “De Bassari Togo”, sunan da ke nuni ga ƙasar Basar da ke arewa maso yammacin Sokode. A Lome kuma akwai ɗakin naɗar sauti na Otodi, inda King Sunny Ade na Nijeriya ya naɗi faifansa “Juju Music” na 1982, wanda ya fito da shi a idon duniya.

Masu neman irin waɗannan faya-fayai, na gida da na waje, ba sa son biyan kuɗi sai sun ji da kunnensu. Ke nan ɗan kasuwar da ke da lafiyayyen garmaho a rumfarsa shi ne zai iya gwada kayansa ya kuma tsaya a kan farashinsa. In kuwa garmahon na gurnani, sai mai saye ya ɗora laifin a kan faifan ya taya shi da arha. Haka kuma iyalin da ke son kwafe muryoyin da iyayensu suka bari zuwa waya ko kwamfuta, duk ƙarar da boris ya yi a ranar kwafewa za ta zauna a cikin kwafin har abada.

Yadda boris ɗin yake

Abin da makanikanmu ke kira boris, wanda masu Faransanci ke ce wa roulement, a garmaho iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ake samu a manyan garmaho masu tsada irin su Thorens da Lenco na Suwizalan, da Garrard 301 da 401 na Ingila, da Technics da Pioneer na Japan. Wata sandar ƙarfe ce mai santsi kamar madubi, wadda kanta na sama shi ne ɗan tsinin da ake zura ramin faifai a ciki, sauran jikinta kuma ya nutse cikin wani bututun tagulla da makanikai ke kira bushin. A ƙasan bututun akwai 'yar matashiya ta ƙarfe ko ta roba mai tauri, wadda gindin sandar ke zaune a kanta, wani lokaci da ɗan ƙwallon ƙarfe guda a tsakaninsu. Tazarar da ke tsakanin sanda da bushin ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma mai ne ke cike ta, ta yadda ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe.

Na biyu shi ne na garmahon da ake jera masa faya-fayai da yawa yana sako su ɗaya bayan ɗaya, irin na kamfanonin BSR da Dual da wasu na Garrard, waɗanda aka fi samu a cikin manyan akwatunan katako masu haɗe da rediyo. Shi wannan sandarsa a tsaye take ba ta juyawa, farantin ne ke zagaya ta, yana zaune a kan wani zobe mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da washa a sama da ƙasa, kusan irin na kan keke.

Domin a gane nauyin aikin da ke kan wannan ɗan ƙarfe, sai a yi lissafi. Babban faifai, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana zagaye 33 da sulusi a minti guda, wato zagaye 2,000 a awa ɗaya. Ƙaramin kuwa, na kamfanin RCA na 1949, zagaye 45 yake yi. Farantin Lenco L75 ya kusa kilo 4, kuma duk wannan nauyi yana kan wuri ne da bai wuce ƙwayar gero ba. A ɗaya gefen kuma, allurar da ke bin layin faifan nauyin giram 2 zuwa 3 kawai take dannawa, aikinta kuma shi ne ta ji duk wani motsi komai ƙanƙantarsa ta miƙa wa lasifika. Allura ba ta bambance motsin kiɗa da motsin boris. In sanda na gogar bushin, sai a ji gurnani a ƙarƙashin waƙa kamar na babbar mota daga nesa. In kuma tana cijewa tana saki, sai muryar mawaƙi ta riƙa tangaɗi, tana hawa tana sauka.

Abin da ƙasarmu ke yi masa

Waɗanda suka ƙera waɗannan na'urori sun yi su ne domin ɗakunan Turai da Japan masu sanyi da rufaffun tagogi. A jihar Savanes kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kwaso ƙura mai laushi kamar gari, wadda ke shiga duk inda iska ke shiga. In ta haɗu da man da ke bakin bushin sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, tana cin sandar a hankali a kowane zagaye. Daga Maris zuwa Afrilu kuma zafi kan kai digiri 40 a Dapaong da Mango, sai mai marar kauri ya tsinke ya tsiyaye, giris kuma ya bushe. Da damina ta sauka, laima na shiga wurin da mai ya bari, tsatsa ta kama.

Garmahon da ya yi shekara 30 a ajiye, man da ke cikinsa ya riga ya daskare ya koma kamar ƙaro. Kuskuren da aka fi yi shi ne a jona shi da wuta nan take domin a ga ko yana aiki. In farantin ya cije, injin na iya ƙonewa, ko kuma 'yar tayar robar da ke tura farantin ta goge ta yi gefe guda. In kuma ya juya a bushe, ƙarfe na cin ƙarfe ke nan. Don haka ƙa'ida ta farko ita ce, tsohon garmaho da hannu ake fara gwada shi kafin a kai ga wuta.

Gwaji kafin a biya kuɗi

Gwajin da za mu bayyana ba ya bukatar lantarki, ana iya yin sa a tsakiyar kasuwar Sinkase ko a zauren mai kayan. Da farko a ɗaure hannun allura a mazauninsa. In garmahon mai bel ne a zare bel ɗin, in mai tayar roba ne a tabbata maɓallin yana kan kashe domin tayar ta saki farantin. Sai a juya farantin da yatsa a sake shi. Lafiyayyen boris zai bar faranti mai nauyi ya yi ta juyawa shiru har ya tsaya a hankali. Wanda ya tsaya bayan zagaye biyu ko uku, ko ya tsaya kamar an taka masa birki, yana bukatar wanki.

Na biyu, a yi dabarar makanikan mota. A ɗora bakin sukundireba a jikin ƙarfen da ke kusa da gidan boris, a kanga kunne a mariƙinta yayin da farantin ke juyawa. In an ji huci mai laushi, ko ba a ji komai ba, to madalla. In an ji ƙarar yashi, ƙura ce ko bushewa, kuma wanki na maganinta. Amma in an ji ƙwas-ƙwas sau ɗaya a kowane zagaye, akwai rauni a ƙwallo ko a matashiya.

Na uku, a sa yatsu a gefe biyu na farantin a gwada girgiza shi. In yana ƙwanƙwasawa a fili, bushin ya cinye. Na huɗu, a durƙusa a daidaita ido da bakin farantin yana juyawa. In bakin na hawa yana sauka, ko tsinin tsakiya na rawa, to sandar ta lanƙwashe, galibi saboda faɗuwa. Wannan ita ce cutar da ba ta da magani a wurinmu, domin ko mai injin sassaƙa ƙarfe da wuya ya miƙar da ita daidai yadda ake bukata. Irin wannan garmaho sai dai a saye shi a farashin kayan gyara.

Wanki da zuba mai

Kayan aikin ba su da yawa: sifirit na kemis mai ƙarfin digiri 90, tsohon ƙyallen atamfa da ya sha wanki wanda ba ya zubar da zare, tsinken tsire mai tsabta, tocila, farin faranti na ajiye ƙananan kaya, da man da ya dace. A zaɓi ɗaki mai rufi da safe kafin iska ta tashi, a yayyafa ruwa a ƙasa domin ƙura ta kwanta.

A cire filogi daga wuta. Wannan ya fi muhimmanci ga irin Technics SL-1200, wanda maganaɗisun injinsa ke manne a ƙarƙashin farantin, domin kamfanin da kansa ya yi gargaɗi kada a ba shi wuta alhali farantin ba ya kai. A ɗauke shimfiɗar roba. A garmahon BSR da makamantansa akwai ɗan zoben ƙarfe mai buɗaɗɗen baki da ke riƙe farantin a tsakiya, a zare shi a hankali a rufe da tafin hannu kada ya yi tsalle ya ɓace. Sai a ɗaga farantin sama sak da hannu biyu, ba tare da karkata shi ba. In ya ƙi fita saboda daskararren giris, kada a sa guduma. A ɗiga kananzir kaɗan a gindin sandar a bar shi ya kwana, ko a ɗumama wurin da na'urar busar da gashi.

Da an zare sandar, a lura da ɗan ƙwallon nan, domin yakan manne a gindinta ya faɗi ba a sani ba. Duk abin da aka ciro a jera shi bi da bi a kan farin farantin, a kuma ɗauki hotonsa da waya, saboda washa ɗaya da aka mayar ba a wurinta ba tana iya canja tsayin farantin. A goge sandar da ƙyalle mai sifirit. A naɗa wani ƙyallen a kan tsinke a goge cikin bushin, ana canjawa har sai ya fito fari. Auduga ba ta dace ba saboda tana barin zare a ciki. Sanfefa ko yashi ko toka kuwa kada su kusanci sandar, ko da an ga tabo, domin abin da aka kankare ba ya dawowa. A nisantar da fetur daga roba, a kuma nisantar da sifirit daga tsofaffin faya-fayai masu nauyi na zagaye 78, domin yana narkar da su.

Bayan komai ya bushe, a haska tocila a duba. In ƙwallon ya yi tsatsa ko ya goge a gefe guda, masu sayar da kayan keke na da ƙwallaye masu girman milimita 3.2 da 4 da 4.8 da 6.4, sai a je da tsohon a gwada a sami daidai shi, kada a yarda da wanda ya kusa. In matashiya ta yi ɗan rami, a wasu garmahon ana iya juya ta a yi amfani da bayanta.

Daga nan sai a ɗiga mai kaɗan a ƙasan bututun, a shafa wa sandar siririn mai, a mayar da ita a bar nauyinta ya saukar da ita. Boris mai kyau yakan ɗauki mintuna, wani ma awoyi, kafin ya zauna, saboda iskar da ke ciki na neman hanyar fita. Wannan alama ce ta lafiya, kada a danna shi da ƙarfi. A goge duk man da ya yi ambaliya, a wanke hannu kafin a taɓa bel ko tayar roba, domin ɗigo guda a kansu ya isa ya sa su santsi. A ƙarshe a ɗora garmahon a kan teburi marar rawa, a ari ma'aunin ruwa na magina a tabbata bai karkata ba, saboda garmaho mai karkata gefe guda na bushin yake ci.

Wane mai za a zuba?

Nan ne aka fi yin ɓarna. Man gyaɗa da manja da man kaɗe da duk wani man girki, da farko suna sa faranti ya yi gudu, amma bayan 'yan watanni sai su yi tsami su yi danƙo su riƙe sandar. Baƙin man da aka juye daga babur cike yake da garin ƙarfe. Man birki na cin fenti da roba. Feshin WD-40 na kwance tsatsa ne, ba ya zama a wurin ya yi aikin mai. Man giya mai alamar GL-5 kuma yana da sinadarin farar wuta wanda kan iya ɓata tagulla.

Abin da ya fi sauƙin samu kuma ya dace da yawancin boris masu matsattsen bushin shi ne farin man keken ɗinki, wanda kowane tela a Sokode da Dapaong ya san inda ake sayar da shi. Ga tsohon boris da ya ɗan saki, ko mai faranti mai nauyi, sabon man inji mai tsabta daga rufaffiyar gora ya fi zama a lokacin zafi. Yawancin bushin na tagulla ce mai ƙananan ƙofofi kamar soso, irin wadda kamfanin Chrysler na Amurka ya ƙirƙiro a 1930 da sunan Oilite, wadda ke shan mai ta riƙa sakinsa a hankali. Giris na toshe waɗannan ƙofofi, don haka ba a sa mata shi. Inda giris ke da wuri shi ne zoben ƙwallaye na BSR da makamantansa, shi ma ɗan kaɗan marar kauri, da kuma Garrard 301 na farko-farko na tsakiyar shekarun 1950, waɗanda dama da giris aka ƙera su kafin kamfanin ya koma mai.

Game da yawa kuwa, littafin Technics SL-1200 cewa ya yi a ɗiga ɗigo 2 zuwa 3 bayan kowace awa 2,000 ta aiki, wato bayan zagaye miliyan 4. Mai kunna garmaho awa 2 a kullum zai yi kusan shekara 3 kafin ya kai haka. Amma saboda ƙurarmu, shawararmu ita ce a buɗe a duba sau ɗaya a shekara, da zarar hunturu ya wuce, a kuma riƙa rufe shi da murfinsa ko da ƙyalle duk lokacin da ba ya aiki.

Ba kowace cuta ce ta boris ba

Bayan wanki sai a gwada gudu. A manna 'yar takarda a bakin faranti a duba agogon waya. A kan lamba 33 ya kamata a ƙirga zagaye 100 cif a minti 3, a kan 45 kuma zagaye 45 a minti ɗaya. In an ƙirga wajen 83 maimakon 100, kada a sake zargin boris. Wutar kamfanin CEET ta Togo, kamar ta Ghana da Nijeriya da Burkina Faso, mai bugu 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 60 ce, kuma injin garmaho da yawa da bugun wuta yake auna gudunsa. Wanda aka ƙera don Amurka zai rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa a nan, ko da an sa masa taransifoma mai rage wuta daga 220 zuwa 110, sai an canja masa ɗan kan injin da ke jan bel. Saboda haka a karanta 'yar takardar da ke bayan akwati kafin a saya. Haka nan a ƙauyukan da ake dogaro da ƙaramin janareta, gudun garmaho kan bi hawa da saukar janaretan. Bel da ya saki da tayar roba da ta ƙeƙashe su ma suna kawo tangaɗin murya.

Wanda kuma ya ci karo da garmaho na asali mai wani da hannu, ya sani cewa a cikinsa akwai naɗaɗɗen ƙarfe mai ƙarfin gaske wanda in ya kubce yana iya yanke yatsa, don haka buɗe gidansa aikin gwani ne. Allurarsa ta ƙarfe kuma ta faifan zagaye 78 ce kaɗai, in aka ɗora ta a kan faifan 33 ko 45 za ta nome shi a ji ɗaya.

Ɗaukar kaya a hanya

Garmahon da ya tsira daga shekaru 50 na ajiya yana iya mutuwa a tafiyar awa guda. Tun bayan harin farko da aka kai yankin Kpendjal a Nuwamban 2021, da dokar ta-ɓacin da gwamnati ta kafa a jihar Savanes a Yunin 2022, iyalai da dama sun kwashe kayansu daga ƙauyukan bakin iyaka zuwa Dapaong da wasu garuruwa, kuma kowa ya san yadda kaya ke shan wuya a bayan babur ko keke mai ƙafa uku a kan hanyar burji. In aka bar faranti mai nauyi a kan sandarsa, kowane rami da aka faɗa tamkar an ɗaga guduma ne an buga wa ƙwallon a kan matashiya.

Don haka ko daga Naki-Est za a kai shi Dapaong, ko daga Lome za a hawo da shi Sokode mai nisan kusan kilomita 340, a cire farantin a naɗe shi daban. A toshe bakin bututun da leda mai tsabta domin kada mai ya zube ko ƙura ta shiga. A ɗaure hannun allura, a zare ƙarfen nauyin da ke bayansa, a ɗaure sukurorin da ke riƙe ƙirjin garmahon in yana da su, a kuma ɗauke shi a zaune yadda yake zama a kan teburi. Faya-fayai kuma a tsaye ake jera su, nesa da rana da zafin injin mota, domin in suka lanƙwashe da wuya su miƙe.

Kira ga 'yan kasuwa da masu gyara

Akwai wata dabara da muke roƙon 'yan uwa su guje mata, wato cusa giris mai kauri a cikin boris ɗin da ya cinye domin ya yi shiru a ranar ciniki. Wannan algus ne, kuma a kasuwar kan iyaka inda kowa ya san kowa, mai saye ɗaya da aka cuta ya isa ya ɓata sunan rumfa daga Sinkase har Bawku. Gara a faɗi aibin kaya a rage kuɗi, ciniki ya yi albarka.

Ga matasanmu masu gyaran rediyo da waya kuma, wannan wata ƙofar sana'a ce da ba ta bukatar jari mai yawa, illa haƙuri da tsabta. Tsofaffin masu gyaran da suka yi aiki a zamanin garmaho suna ƙarewa, ya kamata a zauna da waɗanda suka rage a karɓi abin da suka sani. Masu irin wannan kaya a gida kuma, kafin su miƙa wa 'yan gwangwan a farashin kilo, su sa a duba musu boris ɗin tukuna. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma dawo mana da zaman lafiya a kan iyakokinmu, amin.